Fuatino Tela da Rarar Yatsa Huɗu

A ƙauyen Vaitolu, in ana son sanin birnin da ya fi dacewa ayari ya dosa a ƙasar waje, ba a wahalar da kai wajen tambayar masu sayar da tikitin jirgi. Fuatino tela ake tambaya. Ita kuwa Fuatinon nan, iyakar tafiyarta a duniya Apia ce, babban birnin ƙasarsu, can tsallaken ruwa, ita ma sau shida, kuma duk don sayen allurar keken ɗinki.

Shekara talatin da huɗu tana ɗinka ankon matafiya. Mawaƙan coci ne za su fita, ko 'yan ƙwallon zari-ruga, ko ƙungiyar mata, dole sai an bi ta rumfarta. Ai mutum ba ya fita waje shi kaɗai kamar marar dangi. Ayari ake yi, mutum talatin ko arba'in, kaya iri ɗaya daga wuya har idon sawu, ga kwalayen gasasshiyar gwaza da kifi na tsaraba a baya. 'Yar firit ce, ba ta da jiki, amma in ta ɗaga almakashi ta nuna ka, ko shugaban dangi ne kai sai ka tsaya cak ka buɗe hannuwa.

Ba ta ajiye littafin awo. Igiyar ɓawon kwakwa take kitsawa, kowane mutum da tasa. Ƙulli ɗaya na kafaɗa, ɗaya na ƙirji, ɗaya na ƙugu, na ƙarshe na tsawo, sannan ta ɗaura ɗan ƙyalle a kai don shaida. Igiyoyin suna rataye a ƙusoshi jikin ginshiƙan rumfar. Wanda ya rasu, sai ta sauke tasa ta ba iyalinsa.

Daga waɗannan igiyoyi ta san duniya. Mutane su tafi, su dawo, ta sake auna su, ta ga abin da kowane birni ya yi musu.

"Brisbane yatsa biyu ce," haka take cewa, allura a baki. "Zafi ba ya barin mutum ya ci ya ƙoshi. Sydney uku. Melbourne sai na sa shafi a riga, in ba haka ba ku dawo min da tari. Wellington kuwa, ku bar ta kawai. Iskar garin ba ta da kunya."

Gaskiyarta. Tun shekarar da iska ta ɗage zannuwan mawaƙa a ƙofar wani coci a can, har mai kiɗan molo ya rasa inda zai sa ido, duk ankon Wellington sai ta ɗinke ƙananan dalma a cikin kalmasar zani. Daga tarun marigayi mijinta Lemapu take ciro su.

"Auckland fa?"

"Huɗu cur, kowane gefe. Garin da babu layin da ba ka da ɗan'uwa? Ka ci a gidan gwaggo, a kai ka gidan kawu a dire maka alade guda, ka ce ka ƙoshi a ce ka raina mutane. Huɗu. Wadda ta yi gardama ta je ta fashe a can."

Saboda haka duk rigar da za ta je Auckland, sai Fuatino ta bar rarar yadi yatsa huɗu a naɗe daga ciki, hagu da dama. In tafiya ta yi nisa, mako na biyu, sai mace ta sa reza ta saki ɗinkin farko, rigar ta buɗe ta karɓi sabon jikinta. Ba ta taɓa kuskure ba.

Amma tana da hali, a faɗi gaskiya. Ita ta kafa dokar nan a ƙungiyar mata: wadda ba ta da anko ba ta shiga ayari, ko 'yar wane ce. Cewa take ayari mai baren kaya kamar baki ne mai giɓi, kowa giɓin zai kalla, a zubar wa gari mutunci. Kuma dokar ta taɓa cin mutum. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ana gobe tafiya Sydney, dutsen guga na gawayi ya ƙona rigar Tagiilima, wadda ake ce wa Tagi, ƙawarta tun suna yara suna tsintar ƙaguwa a bakin teku. Babu sauran yadi. Tagi ta yi roƙo, ta yi kuka, ta ce a bar ta ta sa mai kama da shi ta tsaya a baya. Fuatino ta kafe. Aka tafi aka bar Tagi a tasha da akwatinta. Shekara guda ba ta yi wa Fuatino magana ba, kuma kowa ya san Fuatino ba ta kyauta ba, har ita kanta ta sani, bakin faɗa ne ba ta da shi.

A can ginshiƙin ƙurya akwai wata ƙusa da ba a taɓawa. Igiya goma sha huɗu ce a jikinta, kowace ta ɗara ta bayanta tsawo. 'Yarta tilo, Siniva, ta tafi Auckland shekara goma sha bakwai da suka wuce. Takardunta suka ƙare tana can, in ta fito ba ta komawa, kuma ba ta da ikon aiko wa uwarta takardar gayyata. A can ta haifi 'ya mace ta sa mata sunan Fuatino, ana ce mata Tino. Kowace shekara, kafin Lahadin yara, ranar da yara suke sa fararen kaya a coci, Siniva takan auna yarinyar da igiya ta aiko ta hannun wani matafiyi, kaka ta ɗinka farar riga ta mayar. Suna ganin juna a waya, ƙwarai kuwa. Amma waya ba ta awo, kuma tela ba ta yarda ta san mutum ba sai ta ɗora masa igiya da hannunta. Abin da Fuatino take so a duniya ke nan, ba ta kuma ɓoye wa Allah ba, ko da ta ɓoye wa mutane.

To, a bana ne ƙungiyar mata ta samu gayyata daga birane uku, Sydney da Honolulu da Auckland, takarda guda mai ɗauke da kowace mamba. Aka zauna ranar Litinin da hantsi a kan tabarmi, ana shan koko mai zafi, aka soma cacar baki. 'Yan mata suka ce Sydney, don babbar gadarta da kantuna. Peletisia, matar fasto, wadda ake kira Faletua don girmamawa, ta karkata ga Honolulu, inda ɗanta yake karatu. Tagi ta buga cinya ta ce in ba Sydney ba, to a binne ta a nan. Da gardama ta ƙi ƙarewa, aka juya ga masaniya.

Fuatino ta gyara zama. "Honolulu dai, Faletua, ranki ya daɗe, awa nawa za a yi a sama? Tsofaffin nan ƙafafunsu za su kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Sydney kuwa, na ji an ce bana ko gwaza babu a kasuwarsu."

"Wa ya faɗa miki?" in ji Tagi.

"An faɗa min."

"Tab! Ƙaguwa ce ta faɗa miki? Ke tsohuwar nan, ki ji tsoron Allah. Ki fito fili ki ce jikarki kike son gani, mu huta."

Aka kwashe da dariya. Fuatino ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Labarin zuciya a tambayi fuska. Faletua ta dube ta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A rubuta Auckland. A kuma rubuta sunan Fuatino a farkon takarda, bana da ita za a je."

Hannuwa suka tashi, ban da na Tagi. "Sau biyu ke nan kina raba ni da Sydney," ta ce da ita a hanyar gida. "Ina ƙirgawa."

Daga Fiji aka yi odar yadin, shuɗi mai zanen farin ganyen gwaza, da sunan Vaitolu a buge jikinsa. Mako shida yake yi kafin jirgin ruwa ya kawo. Fuatino ce ta faɗi adadi, kamar kullum. Ta bi ginshiƙai tana taɓa igiyoyin 'yan ƙungiya, arba'in da ɗaya, ta lissafa a ka, ta faɗi yadi kaza. Alfaharinta ne a ce ta gama ɗinki ko ƙyallen share hanci bai rage ba.

Mako biyar keke yana kuka tun fitowar rana. Tana taka shi tana waƙa, ita da ba a taɓa jin muryarta ba sai a faɗa. Ta sayi akwati. Ta kitsa sabuwar igiya, lafiyayya, babu ƙulli ko ɗaya, ta naɗe ta ajiye. Ranar Laraba da la'asar ta cire zaren ƙarshe a riga ta arba'in da ɗaya, ta rataye ta, ta miƙe tana dafa baya. Asabar za a tashi.

"Saura tawa," ta ce.

Ta kai hannu wurin bandir ɗin. Kwali ta taɓa, tsirara.

Allah Sarki! Sunaye arba'in da biyu ne a takarda, igiya arba'in da ɗaya ce a ƙusa. Wa yake auna tela? Shekara talatin da huɗu tana ƙirga matafiya, ba ta taɓa ƙirga kanta a ciki ba, hannunta ya saba. Ta duba ƙarƙashin keke, ta zazzage kwandon ƙyallaye, ta samu ɗan guntu bai kai tafin hannu ba. Sai ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Kallon ƙusar ƙurya kawai take yi.

Washegari da safe Tagi ta zo karɓar nata ankon, ta cika ƙofar rumfa da faɗinta. Ta tarar da Fuatino tana naɗe farar rigar Tino a takarda.

"Ki kai mata," in ji Fuatino, ba ta ɗago ba. "Ni gwiwa ta tashi. Ba zan iya hawa matakalar jirgi ba."

"Gwiwa? Wacce daga ciki?"

"Ta hagu."

"To me ya sa kike dafe da ta dama?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tagi ta bi rigunan da ke rataye da ido, leɓenta yana motsi. Ta gama, ta sake daga farko. Ta hangi kwalin bandir a jingine. Sai ta saki wata irin dariya, har kajin maƙwabta suka watse.

"Wayyo cikina! Arba'in da ɗaya! Ke, Fuatino, uwar lissafi, kin manta da kanki? Ashe rana tana zuwa! Yau ga wanzami a hannun jarfa!"

"Yi dariyarki ki ƙoshi. Kin cancanta."

"Zan yi kuwa. Shekara goma sha ɗaya nake ajiye da ita." Ta saɓa rigarta a kafaɗa ta fita, ana jin dariyarta har gindin bishiyar mangwaro.

Fuatino ta ci gaba da naɗi. Ba ta ji haushin Tagi ba, abin da ta shuka ne ya tsiro. Abin da ya fi yi mata zafi shi ne sabuwar igiyar nan da ke cikin akwati.

Ba a yi awa biyu ba sai ta ji hayaniya. Ta leƙa, ta ga mata sun jero a hanya, kowace da ankonta a hannu, wasu da tabarmi, biyu ɗauke da kekunan ɗinki na hannu. Faletua a gaba, Tagi a gefenta tana huci kamar ita ta kawo jirgi.

"Fuatino," in ji Faletua, "mun ji. Doka mutum ya yi ta. Ki sa duk shuɗin da kike da shi, ki biyo mu."

"A'a, Faletua, ki gafarce ni. Na hana wata a kan wannan dokar. In na taka ta yau don ta zo kaina, da wane ido zan kalli matar nan?"

"Da wannan idon naki mai kama da na kifi," in ji Tagi. "Na gaya miki, Faletua, ba za ta yarda ba, kanta ya fi kwakwa tauri. Babu mai taka doka. Doka tana nan daram." Ta juya rigarta bai-bai, ta kamo naɗin da ke ciki ta kaɗa shi a hancin Fuatino. "Wannan mene ne?"

"Rarar Auckland."

"Yatsa nawa?"

"Huɗu."

"Gefe nawa? Mu nawa? Ke ce mai lissafi, lissafa mana, in wannan karon za ki iya."

Kafin Fuatino ta buɗe baki, Tagi ta zari almakashinta, almakashin da ko Lemapu bai taɓa taɓawa ba, ta bi gefen ɗinki ƙyat, ƙyat, ƙyat, ta zare dogon ƙyalle shuɗi ta jefa mata a cinya.

"Ke mahaukaciya!" Fuatino ta zabura. "Kin san abin da kika yi? Ke da za ki ci rabin Auckland! Mako biyu za ki fashe kamar buhun shinkafa!"

"In fashe mana. Jikina ne ko naki?"

"Ku tsaya! Ku duka za ku dawo a yage, a ce Fuatino ce ta yi ɗinkin!"

Wa ya saurare ta? Mata suka baje a tabarmi, reza da almakashi suka fito daga ko'ina. Faletua da kanta ta durƙusa tana yanka. Ƙyallaye suka yi ta sauka a cinyar Fuatino, dogaye da gajeru, har suka kai tamanin da biyu. Tana zaune a tsakiyarsu tana masifa, hawaye yana bin kumatunta, masifar kuma ba ta tsaya ba.

"Tashi tsaye," in ji Tagi. Ta tsinko igiya daga ƙunshin da ke rataye. "Buɗe hannuwa. Daina motsi, haka kike ce mana." Ta auna kafaɗa ta ƙulla, ta auna ƙirji. "Kai, wannan ai babu abin aunawa. Allah ya taimake mu da kika zama tsinke, da irina ce ke sai an haɗa da labulen coci."

Da ta zo ƙugu, hannuwanta biyu zagaye da ƙawarta, sai Fuatino ta ce a hankali, "Tagi. Maganar Sydney."

"Rufe min baki, za ki ɓata min ƙulli."

"Ban kyauta ba."

"Na sani. Kowa ya sani. Ɗaga haɓa." Ta ƙulla na tsawo, ta ja hanci, ta nemi dutse ta buga sabuwar ƙusa a ginshiƙin ƙurya ta rataye igiyar.

Yinin Alhamis da na Juma'a aka yi ana harhaɗawa. Fuatino ta bi bayan kowa tana farke ɗinkin da bai yi mata ba, tana cewa ko kaza aka ba allura za ta fi su. Ranar Juma'a kafin rana ta faɗi, riga da zani suka tashi. In ka matso, ganyen gwazar duk a kakkarye yake, harafin sunan gari ɗaya a kafaɗa ɗaya a gwiwa. Daga taku goma kuwa, anko ne sak.

Abin da ya samu rigunan nan a Auckland, har yau ana ba da labarinsa a Vaitolu. Fuatino ba ta yi ƙarya ba. Mako na biyu ɗinki ya soma kuka, aka saye fil ɗin wani kanti tas. Ta Tagi a tsakiyar rawar bankwana ta tsage, tun daga hammata har ƙugu, ta kuwa ci gaba da rawarta mutane suna liƙa mata kuɗi. Da suka sauko daga jirgin ruwa a Salelologa, tashar tsibirinsu, mazajensu suka ce sun zaci yaƙi aka dawo.

Amma ranar isa ita ce ranar Fuatino. Da rana tsaka aka kai su zauren cocin da ya gayyace su, a unguwar Mangere. Aka jeru bibbiyu a ƙofa, aka ɗauki waƙar shiga, mutanen gari sun cika zauren maƙil. Fuatino tana sahu na uku, kusa da Tagi, sanyi yana ratsa ta ta wuraren haɗi tamanin da biyu. Tana tafe tana bin fuskoki, duk sun haɗe mata, ba ta gane kowa ba. Sai idonta ya faɗa kan wata farar riga a gefen hanya. Ta san wuyan nan. Ta san kalmasar hannun nan, ita ta yi ta bara, sau biyu ta farke kafin ta yi mata.

Matar da ta shekara talatin da huɗu tana cewa sahu ba ya karyewa ko gini na faɗuwa, ita ce ta fice daga sahu a tsakiyar waƙa.

"Ku matso ku rufe giɓin," in ji Tagi ga na baya, ba ta ko waiwaya ba. "Ku ɗaga murya."

Siniva ta taho da gudu tana "Mama! Mama!" ta rungume ta. Fuatino ta riƙe ta da hannu ɗaya, ta ƙanƙame ta, ɗayan hannun kuwa yana laluben cikin rigarta. Ta zaro sabuwar igiyar.

"Ke takwara, zo nan. Tsaya sosai. Buɗe hannuwa."

Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi 'yar tsohuwar da ko kafaɗarta ba ta kai ba, ta buɗe hannuwa. Fuatino ta yi ɗage ta ɗora igiya daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Sau uku ƙullin yana kuɓuce mata. Ta duba, ta sake aunawa.

"Siniva," ta ce, "shekara goma sha huɗu kina aiko min da ƙarya. Kafaɗar yarinyar nan ta fi abin da kike ƙullawa da yatsa guda. Ashe duk rigunan matse ta suke yi."

"Ba sa matse ni, Kaka," in ji Tino. "Kullum kina barin rara a ciki. Mama tana saki."

Fuatino ta zagaya igiyar bayan yarinyar don ta auna ƙirji. Hannuwanta suka haɗu a can baya, igiyar ta sulale ta faɗi ƙasa, ba ta kuma sunkuya ta ɗauka ba.